Kazaure: Garin Duwatsu da Ɗanyen Kifi, da Abin da Ya Kamata Uwa Ta Sani Kafin Ta Kai Yara Bakin Ruwa

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Kano zuwa Daura ta ratsa Kazaure, ko idonta biyu ko tana gyangyaɗi a mota. Yawancinmu iyakar saninmu da garin ke nan: direba ya tsaya ya sha mai, yara su yi rigimar a saya musu rake, a ja mota a wuce. Ba kowa ya san cewa a jikin garin akwai ruwa mai faɗi da mutane ke ci daga cikinsa rani da damina ba, kuma ana iya tashi daga Kano da sassafe a je a sayo kifin da bai kwana ba, yara su ga kwalekwale da idonsu, a dawo gida kafin magariba.

Idan hutun makaranta ya zo, uwargida kan rasa inda za ta kai yara. Gidan zu na Kano an je har an gaji, wuraren wasan zamani kuwa kuɗin shiga kaɗai ya isa cefanen kwana biyu. Ni a ganina Kazaure ta cancanci a ba ta wuni guda. Sai dai bakin dam ba filin wasa ba ne da aka kewaye da waya aka sa masu gadi. Wurin neman abincin mutane ne, kuma ruwan yana da nasa sharuɗɗan. Wadda ta san su kafin ta tashi ita ce za ta ji daɗin tafiyar.

Hanya

Daga Kano zuwa Kazaure kimanin kilomita 80 ne, ta Dambatta. Mai motar gida idan hanya ta yi kyau ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba. Masu motar haya kuwa ana samun motocin Kazaure da Daura a tashar Ƙofar Ruwa. Ranar Lahadi kasuwar Dambatta ke ci, don haka a sa ran cinkoso a nan, musamman da rana ta ɗaga. Ta ɓangaren Katsina kuma ta Daura ake gangarowa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 shi ma ta Dambatta da Kazaure da Daura aka tsara zai bi, amma yanzu dai mota ce abin dogaro.

Ana fara hango duwatsu tun kafin a shiga gari. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabashin Jigawa, irin su Gumel da Haɗeja, zai ga kamar wata jiha ya shiga. Tuddai ne da jar ƙasa da tsakuwa, kuma su ne suka ba garin sunansa, in ji masu tarihin baka. Labarin da ake bayarwa shi ne wasu mafarauta ne ƙarƙashin wani jarumi mai suna Kutumbi suka fara zama a wurin. Da aka dubi yadda tuddai suka kewaye kwarin, sai aka ce wurin "kamar zaure", yau da gobe kuma baki ya mayar da shi Kazaure. Labari ne da yara ke so, kuma idan kika faɗa musu a mota za ki ga suna leƙe ta taga suna neman zauren.

Masarautar ta kafu ne a 1819 a hannun Ɗantunku, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo kafin Sakkwato ta raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Ɗansa Dambo, wanda ya gaje shi a 1824, shi ne ya zaunar da garin sosai, da fada da masallaci da ganuwa. Yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Mai Martaba Alhaji Najib Hussaini Adamu yana kan karaga tun 1998, bayan rasuwar mahaifinsa, wanda sunansa ne kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin ke ɗauke da shi. Da ita da cibiyar koyon kwamfuta ta jihar Jigawa su suka sa garin ke cike da ɗalibai, shi ya sa ba a rasa wurin cin abinci ko shagon magani. A ratsa ta ƙofar fada a nuna wa yara, minti goma ya isa, sai dai in lokacin hawan salla ne, wanda wannan tafiya ce ta daban.

Yadda ruwan ya zo

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne sana'ar su ta kullum ba tsohuwa ba ce a nan kamar yadda take a Argungu ko Yawuri, inda aka gaji kogi kaka da kakanni. Wannan yanki ne na rafuka masu kawo ruwa da damina su ƙafe da rani. A shekarun 1970, lokacin Kazaure na cikin tsohuwar jihar Kano, gwamnati ta shiga aikin gina madatsun ruwa, shirin da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo. A wannan zubin ne aka samu Tiga da Bagauda da Tomas da Watari, Kazaure kuma ta samu dam ɗin Muhammadu Ayuba da na Ibrahim Adamu. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, sai suka faɗo cikin rabonta.

An yi su ne don ruwan sha da noman rani, kifi ya biyo baya. Shi ya sa da yawa daga cikin masuntan da za ki gani manoma ne. Da damina suna gona, da rani wasu na lambu, su kuma a haɗa da shi safe da yamma. Kamar sauran madatsun ruwan Arewa, akan samu kuma baƙin masunta da suka gaji sana'ar, masu bin ruwa duk inda kifi yake. A al'adar Hausa kowane ruwa irin wannan yana da shugaban masunta, wato Sarkin Ruwa, wanda ke sasanta rigima, ya san wa ya shiga wa ya fita, kuma shi ake nema idan tsautsayi ya faru. Ki riƙe wannan suna a ranki, zai yi amfani a gaba.

Lokaci shi ne komai

Wadda ta isa bakin ruwa da azahar ba abin da za ta tarar sai rana da ƙudaje da kwalekwale a ɗaure. Masunci da yamma yake shimfiɗa kalli, wato ragar da ake bari a ruwa ta kwana, kifi ya zo wucewa ya maƙale. Haka mai mamari, doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi da yawa, da mai gura da ake nutsarwa da ɗan abinci a ciki. Da asuba ake komawa a duba abin da Allah ya ba da. To daga fitowar rana zuwa hantsi, nan ne bakin ruwa ke da rai. Jirage na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana juye kifi a daro, masu sari na tsaye, masu suya na jiran nasu. Ma'ana dai, in daga Kano za a taso, a bar gida da an idar da sallar asuba. Na san tayar da yara huɗu a shirya su a wannan lokaci ba ƙaramin aiki ba ne, amma a haɗa kaya tun dare, karin kumallo a yi shi a mota.

Abin da yara suka fi so su kalla shi ne mai birgi. Zai tsaya a gefen ruwa ko a bakin jirgi, ya tattara ragar a kafaɗa da hannu, ya juya jiki ya wurga, ta buɗe a sama kamar faifai ta faɗa ruwa, darmar da ke gefenta ta ja ta ƙasa. Sai ya jawo a hankali. Wani jefin a samu biyar, wani ko ɗaya. Yaron da ya tsaya ya ga mutum ya yi jifa goma kafin ya tara abin miya, zai daina barin rabin kifi a kwano.

Game da watan da ya fi dacewa, kowane da irin nasa. Bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba da Nuwamba, dam a cike yake, tuddai kore shar, wurin ya fi kyaun gani. Da hunturu ya kankama, sanyin safiya a bakin ruwa ba irin na cikin gari ba ne, kifi ma yakan yi ƙasa ya rage yawo, kamun ya ragu, ga hazo da ba ya yi wa mai asma daɗi. Da bazara ruwa kan ja baya, kifi ya taru wuri guda, sai dai zafin ba a magana, ƙarfe goma ta yi an fara neman inuwa. A tsakiyar damina kuwa ni ba zan ba uwa shawarar ta kai ƙananan yara ba. Gaɓa tana santsi, ruwa ya haura ya rufe ramukan da da rani ake gani, hadari kuma yana iya tasowa ba sallama.

Kifin da yadda ake sayensa

Biyu za ki fi gani: karfasa da tarwaɗa. Karfasa ita ce mai faɗin jiki da ɓawo, ta fi daɗin suya, amma ƙayarta sai an yi hattara. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, ga gashin baki, ga tsoka, ƙaya kaɗan, ita ta fi dacewa da farfesu da bakin yara ƙanana. Tana da taurin rai, tana iya yin awanni a waje tana motsi, don haka ita ce mafi sauƙin kaiwa gida da ranta in an zuba ta a bokiti da ɗan ruwa. Wadda ta saba da tarwaɗar gidan gona za ta ga ta dam ba ta kai ta ƙiba ba, amma namanta ya fi tauri, maiƙonta bai kai na waccan ba, kuma romonta daban ne. In an yi dace aka ga ƙurungu, a hana yara taɓa shi, ƙayoyin bayansa da na gefensa suna suka da zafi. Gaiwa kuwa, wadda ta fi zama a fadama da kududdufi, ko ba za a saya ba a nuna musu in an gani: ita ce mai binne kanta a laka idan ruwa ya ƙafe, ta yi watanni a haka har damina ta dawo.

Ba a awo da sikeli a mafi yawan lokaci, kashi-kashi ake kasawa, ko a yi cinikin daro gaba ɗaya. Farashi yana bin yawan kamun ranar, don haka kada ki riƙe abin da wata ta ce ta saya wancan watan. Abu ɗaya da baƙi ke kuskurewa shi ne su tare masunci tun bai fito daga jirgi ba. Da yawansu suna da mai sarin da ke ba su bashin raga ko kuɗin gyaran jirgi, bisa sharaɗin shi za a fara kai wa kifi. In ya ce miki an riga an saya, ba wulaƙanci ba ne. Ki yi masa sannu da aiki, ki ce, "Baba, wa zan samu ya sayar mini na miya?" Da kansa zai nuna miki. Gaisuwa a nan tana rage farashi fiye da dogon ciniki.

A taya, amma a taya da adalci. Raina yana ɓaci idan na ga mace ta sauko daga mota mai sanyi, wadda a babban kanti ba ta taɓa cewa a rage mata ko sisi ba, ta zo tana murƙushe dattijon da ya kwana cikin sanyi a kan abin da bai kai kuɗin katin wayarta na yini ba. Ko a farashin da ya faɗa na farko, sau da yawa ya fi na cikin birni sauƙi.

Gane sabon kifi ba wuya. Ki ɗaga marfin kunnensa, ciki ya kasance ja, ba ruwan ƙasa ko fari-fari ba. Ido ya zama garau a bulluƙe, ba wanda ya faɗa ciki ba. Ki danna jikinsa da yatsa, in wurin ya dawo daidai lafiya lau, in ya bar rami ki ajiye. Wanda ya mutu a raga tun tsakar dare yakan yi laushi, cikinsa ya kumbura, ko da yanzu aka fito da shi. Akwai masu gyarawa a nan take a ba su ɗan abin hannu, kuma gara a cire kayan cikin tun a can, don daga nan lalacewa ke farawa. Ki taho da kula da ƙanƙara daga gida. Ɗanyen kifi a leda cikin but ɗin mota, a yi yawo da shi har la'asar, wannan asarar kuɗi ce, wani lokaci har da ciwon ciki.

In banda za ki saya, wato wanda aka ƙyafe, ki karya ɗaya ki duba cikinsa. Ya kasance a bushe har ciki, babu tsutsa, babu gari-gari, babu fumfuna. Ki kuma shinshina. Ƙamshin hayaƙi kaɗai ya kamata ki ji. A kasuwannin ƙasar nan an sha kokawa da masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya lalace, hukumar NAFDAC ma ta sha gargaɗi a kan sa irin waɗannan magunguna a kayan abinci. Busasshen kifin da ke shanye a fili amma ko ƙuda ɗaya bai kusance shi ba, alhali na maƙwabcinsa ana kora, abin a yi shakka ne. Amfanin saye kusa da ruwa shi ne kina iya samun wanda jiya aka sauke daga wuta, bai daɗe a ajiye ba balle a nemi abin tsare shi.

Sai wata magana da ba a cika yi wa masu saye ba. Za ki ga ana kasa 'yan mitsi-mitsin karfasa da ba su kai tsawon yatsa biyu ba, da arha. Raga mai ƙananan ido ce ke kwaso su, wasu har gidan sauro suke ja a ruwa. Kifin da bai yi ƙwai ba aka cinye shi, baɗi me za a kama? Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta amfani da guba da abin fashewa da lantarki, amma abin da ke hana mai ƙaramar raga shi ne ya rasa mai saye. Dam ba kogi ba ne da kifi zai riƙa shigowa daga nesa. Ga yashi da laka da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki suna cike shi a hankali, ga injinan ban-ruwa na zuƙa da rani. Masu tumatir da albasa da masu su duk kwano ɗaya suke ci. Ki ƙara kaɗan ki sayi manya.

Maganar da ta fi kifi muhimmanci

Yara za su ce sai sun shiga kwalekwale. Za su yi magiya, maigida ma wataƙila ya goya musu baya, wani matashi kuma zai matso ya ce zai zagaya da ku da kuɗi kaɗan. A nan ne ake son uwa ta zama uwa.

Ba mu manta da Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke jihar Kano, ɗauke da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, kuma lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa laifi. Watari ɗan'uwan dam ɗin Kazaure ne, ruwa ne kwantacce da ba ya gudu, irin wanda ido ke rainawa. Jirgin masunci an yi shi ne don mutum ɗaya ko biyu da raga. Yaro ɗaya ya miƙe tsaye don a ɗauke shi hoto, sauran su karkata gefe guda, shi ke nan.

Ni dai matsayina, in babu rigar kariya ta ruwa daidai jikin kowane yaro, ba a shiga. Ta manya ba ta yi wa yaro amfani, zamewa yake ta ƙasa ya bar ta a sama. In akwai, to a tambayi Sarkin Ruwa ko dattawan wurin wa ya kamata ya tuƙa, a shiga kaɗan-kaɗan, kowa a zaune, kusa da gaɓa, da rana tsaka ba da yamma ba. Goyo kuwa ba ya shiga jirgi ko da wane hali. In duk wannan bai samu ba, a tsaya a tudu a yi kallo. Kukan yaron da aka hana, kafin a kai Dambatta ya manta.

Ko ba a shiga jirgi ba, gaɓar kanta sai an sa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kiran Umma kamar a fim. Shiru yake yi, kuma cikin ɗan lokacin da za ki duba saƙo a waya an gama. Ƙasan dam ba shimfiɗe yake ba: taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku rami, ga laka mai riƙe ƙafa, ga tsofaffin raga da ƙugiyoyi. Kuma yawan manya ba kariya ba ne, don kowa yana zaton wani ne ke kallo. A raba aiki ƙarara: lokacin da kike ciniki, wance ce ke riƙe da hannun wane. Kada a ɗora wa 'yar shekara tara tsaron ƙaninta a bakin ruwa, ita ma yarinya ce.

In Allah ya kiyaye wani ya faɗa, wadda ba ta iya ruwa ba kada ta bi shi, sai a rasa biyu. A yi kururuwa a kira masunta, a miƙa gora ko sanda ko a jefa jarka mai murfi. In an fito da shi, a bar al'adar nan ta danna ciki ko juya yaro ƙafa a sama wai ruwa ya fita, ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya shiga huhu. A kwantar da shi a duba numfashi. In ba ya yi, a hura masa iska ta baki a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi Babban Asibitin Kazaure a duba shi, don wahalar numfashi tana iya tasowa bayan awanni.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani a ranar, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke son kwantaccen ruwa mai ciyawa, irin gefen dam da hanyoyin ban-ruwa. Daga nan take fitowa ta huda fatar wanda ya shiga. Ba sai an sha ba, ba sai an yi iyo ba, tsoma ƙafa da wasan watsa ruwa ma sun isa. Za ki ga yaran unguwa suna ta wanka ki ce ai ga su nan lafiya lau. Da yawa a irin waɗannan wurare suna ɗauke da ita, shi ya sa ake bin makarantu ana raba maganinta. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini a wurin ɗa namiji alamar girma. Ba girma ba ne, ciwo ne, in ya daɗe yana taɓa mafitsara da ƙoda, yana jawo ƙarancin jini. 'Ya'ya mata ma suna kamuwa, kuma a wurinsu yana iya shafar al'aura da mahaifa a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Saboda haka takalmi a ƙafa, kuma ruwan wanke hannu da na alwala a taho da shi daga gida.

In da sauran lokaci

Da hantsi ya yi an gama da bakin ruwa. Masu mota za su iya miƙawa wajen Roni, inda duwatsun suka fi yawa, yara su ga yadda ake noma a tsakanin tuddai. Gwiwa tana can gaba wajen iyakar Katsina, ita ma ƙasar duwatsu ce da ƙauyuka. Ba wuraren da aka shirya wa baƙi ba ne, don haka a tafi da ruwa da abinci, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutane ko gidajensu, musamman mata. Babura kuwa tana gabas, kusa da iyakar Nijar, a masarautar Ringim take, ƙasarta ta fi yashi. Tun 2021 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a can, wadda ke da ɗa ko 'ya mai shirin jarrabawar shiga jami'a za ta so ta san da ita. Amma haɗa Babura da Roni da bakin dam a wuni ɗaya da ƙananan yara wahala ce kawai. A zaɓi ɗaya, ko a haƙura da duka a ci abinci a gari a yi azahar a juyo.

Da rani kada a dawo ba a sayi kayan lambu ba. Tumatir da albasa da tattasai na gefen hanya daga lambunan yankin suke, kuma su ne za su shiga farfesun daren.

Idan an iso gida, a wanke tarwaɗa da ruwan zafi ko toka ko lemon tsami har yauƙin ya fita, a dafa wadda za a ci, sauran a soya ko a sa a firiza a daren, kada a ce sai gobe. Wa ƙananan yara a zare ƙaya da hannu a murmushe tsokar kafin a miƙa. In kuma duk da tsaron da kika yi wani ya faki ido ya shiga ruwa, ki rubuta ranar a wayarki. Alamun tsargiya sukan ɗauki makonni, wani lokaci wata biyu zuwa uku, kafin su fito. In kika ga zazzaɓin da ba a gane kansa ba, ko jini a ƙarshen fitsari, ko yaro na cewa fitsari na yi masa zafi, ki kai shi asibiti ki gaya wa likita ya shiga ruwan dam ranar kaza. Gwajin fitsari ne, maganin kuma sunansa praziquantel, ana ba da shi daidai nauyin yaro ko tsayinsa, yawanci sha ɗaya.